BASHIN ASIBITI: INA IYAKAR HAƘƘIN MAI BIN BASHI?

  

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu tattauna ne a kan wata mas'ala wadda ta shafi rai da dukiya da mutunci gaba ɗaya. Mutum ne ya kwanta ciwo, asibiti ya yi masa magani, Allah Ya ba shi lafiya, sa'an nan aka miƙo masa takardar kuɗi, ya duba ya ga ko ya sayar da duk abin da ya mallaka ba zai iya biya ba. To, ina ne iyakar haƙƙin asibiti a kan wannan bawan Allah? Wace hanya ce ta halatta a bi wajen karɓar kuɗin, wace ce kuma ta zama zalunci, ko da doka ta yarda da ita?

Za mu ɗauki misalanmu daga ƙasar Amurka, domin a can ne wannan al'amari ya fi ƙamari cikin ƙasashe masu arziki, kuma a can ne aka fi bin diddiginsa aka rubuta. A shekarar 2022 wani bincike na cibiyar KFF tare da gidan rediyon NPR ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 100 a Amurka suna ɗauke da bashin neman lafiya. Dalili kuwa shi ne magani a can tsada gare shi ƙwarai, kuma ko mutum yana da inshora akwai kason da dole ya biya daga aljihunsa kafin kamfanin inshorar ya sa hannu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, in ji Bahaushe. Amma abin da ya tayar da hankalin mutane shi ne irin yadda waɗansu asibitoci suke bin nasu.

A shekarar 2019 'yan jarida sun bayyana cewa asibitin Jami'ar Bajiniya ya shigar da ƙara sau 36,000 cikin shekara 6 a kan waɗanda ya yi wa magani, yana neman fiye da dala miliyan 106. Da izinin kotu aka riƙa datse albashin mutane tun kafin ya shiga hannunsu, aka ɗora wa gidajen waɗansu takunkumi, ta yadda ba su da ikon sayarwa sai an cire kuɗin asibiti. A wannan shekarar dai aka gano cewa asibitocin Methodist Le Bonheur na birnin Memfis sun shigar da ƙara fiye da 8,300 tsakanin 2014 da 2018, har da ƙananan ma'aikatansu cikin waɗanda aka gurfanar. A wani ɗan gari kuma mai suna Coffeyville a jihar Kansas, an riƙa kiran masu bashin asibiti kotu lokaci lokaci su bayyana abin da suka mallaka, wanda ya kasa zuwa sai a kama shi a kulle, a sa masa belin dala 500, kuɗin belin kuma a miƙa wa masu bin bashi. A takarda laifinsa ƙin amsa sammaci ne, amma kowa ya san bashin ne ya kai shi. Wannan shi ne ga mari ga tsinka jaka: ciwo ya cinye ƙarfin mutum, bashi ya zo ya cinye sauran.

Kafin mu yanke hukunci, adalci ne mu fara da haƙƙin asibiti, domin haƙƙi ne tabbatacce. Ladan mai magani halal ne. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa an yi wa Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ƙaho, kuma ya ba mai ƙahon ladansa, Ibnu Abbas ya kafa hujja da cewa da haram ne da bai bayar ba. Likita yana da iyali, malamar jinya tana da nata, magani saye ake yi, na'urori kuɗi ne, wutar lantarki kuɗi ce. Asibitin da ba a biyansa rufewa zai yi, ranar da ya rufe kuwa talaka ne farkon wanda zai ji a jikinsa. Har ila yau, Musulunci bai taɓa wasa da bashi ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Kuma hadisin Abu Huraira sananne ne, wanda ya ƙidaya jinkirin mawadaci wajen biyan bashi a cikin zalunci. Saboda haka wanda yake da halin biya, ya warke ya kama gabansa, ya riƙa yi wa asibiti yau da gobe, wannan azzalumi ne, kuma babu laifi a kai shi gaban alƙali.

To amma a lura da kyau, bashin asibiti yana da siffofi biyu da suka raba shi da bashin kasuwa. Siffa ta farko ita ce rashin zaɓi. Wanda ya karɓi mota bashi, ko ya ci bashi ya yi biki, ya zauna ya yi shawara da zuciyarsa, da ya so da ya haƙura. Amma matar da naƙuda ta zo mata da gardama, ko wanda aka ɗauko a sume daga hatsarin mota, wane zaɓi ya rage musu? Wanda ya ga numfashin ɗansa yana sama sama, duk takardar da aka miƙo masa zai sa hannu, ko karantawa ba zai tsaya yi ba. Shari'a ta gina ciniki a kan yardar juna, kuma malamai sun yi magana mai yawa a kan cinikin wanda lalura ta matsa, suna tsoratarwa kada a mayar da matsuwar mutum hanyar cin dukiyarsa.

Siffa ta biyu ita ce rashin sanin farashi. Sharaɗi ne a cikin ciniki da ijara a san kuɗin da za a biya tun kafin a ƙulla, don kada a yi jayayya daga baya. A Amurka kuwa sau da yawa majinyaci ba ya sanin abin da ake binsa sai makonni bayan an sallame shi. Bugu da ƙari, aiki iri ɗaya a asibiti ɗaya yana iya zama da farashi daban daban, domin manyan kamfanonin inshora sukan zauna su yi ciniki a rage musu, shi kuwa talakan da ba shi da inshora, ba shi da mai yi masa ciniki, shi ake miƙa wa cikakken farashi. Gaskiya ne cewa lalurar ceton rai ba ta barin a tsaya ciniki, kuma wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Sai dai uzurin yana ɗora wa asibiti nauyi. Tun da shi kaɗai ya yanka farashin, ɗayan kuma bai ce uffan ba, to bai kamata ya zo wajen karɓa yana tsanantawa kamar wanda aka yi ciniki da shi ido da ido aka ce an sallama ba.

Yanzu bari mu zo ga ainihin ma'aunin da Shari'a ta kafa. Masu bashi iri biyu ne: mai hali da ya ƙi biya, da matalauci da ya kasa. Na farko mun faɗi hukuncinsa. Na biyu kuwa aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a saurara masa har ya samu yalwa, sa'an nan ta nuna cewa yafewa ita ce mafi alheri ga mai bin bashin. Malamai sun bayyana cewa saurarawar wajibi ce, yafewar ce mustahabbi. Wato mai bin bashi ba alfarma ya yi wa matalauci ba idan ya jinkirta masa, haƙƙinsa ne ya ba shi. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idil Hudri labarin wani mutum da ya sayi 'ya'yan itace suka lalace, bashi ya yi masa katutu. Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya umarci jama'a su taimaka masa, aka tara, abin bai kai ba. Sai ya umarci masu bin bashin su karɓi abin da aka samu, ya sanar da su cewa ba su da wani abu bayan wannan. Bai ba su damar kama mutumin ba, bai kuma ba su damar tozarta shi ba.

A kan wannan ne malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka tafi, kamar yadda ɗalibai suka sani a cikin Risala da Muhtasar. Wanda talaucinsa ya tabbata ba a ɗaure shi saboda bashi. Wanda ba a san halinsa ba, alƙali yana iya tsare shi na ɗan lokaci domin bincike idan bai kawo mai tsaya masa ba, kuma wannan aikin alƙali ne, mai bin bashi ba shi da ikon tsare kowa da hannunsa. Ko wanda aka yanke wa hukuncin tsiyacewa, aka raba dukiyarsa ga masu binsa, ana bar masa abincinsa da na waɗanda ciyar da su ya wajaba a kansa, da tufafinsu. A kan gidan da yake ciki malamai sun saɓa: Imamu Malik da Imamu Shafi'i sun ga a sayar a kama masa haya, Imamu Abu Hanifa da Imamu Ahmad sun ga a bar masa shi idan ba shi da wani matsuguni. A ganinmu, bashin da ciwo ya jawo, wanda mai shi bai nema ba kuma bai yi almubazzaranci ba, shi ya fi kowane cancantar a ɗauki ra'ayi mafi sauƙi a kansa. Jihar Niyok ma a shekarar 2022 ta kafa doka wadda ta hana asibitoci datse albashin majinyaci ko ɗora takunkumi a kan gidan da yake zaune saboda bashin magani.

Tun da yake hukuncin duka ya rataya ne a kan rarrabe mai hali da matalauci, sai mu tambaya, wa ya kamata ya fara yin wannan bincike? A nan ne muke cewa nauyin yana kan asibiti, kuma tun kafin ya aika da sammaci. Asibiti yana da ma'aikata da lauyoyi da kundaye, majinyaci kuwa ya fito daga ciwo, wataƙila ya rasa aikinsa, wataƙila bai ma san yana da haƙƙin a rage masa ba. Ita kanta dokar Amurka ta gane haka. Dokar lafiya ta 2010 ta wajabta wa asibitocin da ba na neman riba ba su rubuta tsarin tallafa wa marasa ƙarfi, su sanar da shi, kuma ƙa'idojin da suka biyo baya sun hana su kai ƙara ko ɗaukar wani tsattsauran mataki sai bayan kwana 120 daga takardar kuɗi ta farko, tare da yin ƙoƙarin gano ko mutumin ya cancanci tallafi. Amma rubuta doka daban, tsoron Allah daban. A jihar Washinton, babban lauyan gwamnati ya kai ƙarar asibitocin Providence bisa zargin cewa an koya wa ma'aikata su matsa wa majinyata su biya ba tare da an gaya musu akwai tallafi ba, har aka tura waɗanda suka cancanci magani kyauta ga kamfanonin karɓar bashi. A 2024 aka yi sulhu, asibitocin suka amince su yafe ko su mayar da kusan dala miliyan 158 ga mutane kusan 100,000. Wanda ya san ɗan'uwansa yana da haƙƙi a hannunsa, ya yi shiru don ya ga ɗan'uwan bai sani ba, to ya ci amana, ko da bai furta ƙarya ko ɗaya ba.

Bayan wannan akwai ladabin tambaya. Buhari ya ruwaito daga Jabir addu'ar rahama da Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya yi ga mutum mai sauƙin hali idan ya sayar, idan ya saya, da idan ya nemi haƙƙinsa. Kuma lokacin da Ka'abu ɗan Malik ya tsare Ibnu Abi Hadrad a masallaci a kan bashi har muryoyinsu suka ɗaga, Annabi ya leƙo ya yi wa Ka'abu nuni da ya sauke rabi, Ka'abu ya amsa nan take, aka umarci ɗayan ya tashi ya biya sauran. A dubi yadda aka tsare haƙƙin kowa: mai bin bashi ya samu kuɗinsa, wanda ake bi ya samu sauƙi. A kwatanta wannan da abin da ya faru a jihar Minisota, inda a 2012 babbar lauyar gwamnati ta bankaɗo cewa ma'aikatan wani kamfanin karɓar bashi mai suna Accretive Health suna tarar majinyata a ɗakin taimakon gaggawa, har a bakin gado, suna neman kuɗi. Kamfanin ya biya dala miliyan 2.5, aka kuma dakatar da shi daga aiki a jihar. A wannan jiha dai, a 2023, aka gano cewa asibitocin Allina suna hana waɗanda bashinsu ya kai dala 4,500 ganin likita idan ba lalurar gaggawa ba ce, har sai da surutu ya yi yawa suka janye tsarin. Wannan shi ne mafi munin nau'i, domin an mayar da ciwon mutum bulalar dukansa. Illarsa kuma ba ta tsaya kan wanda aka yi wa ba. Duk wanda ya ji labari zai ji tsoron zuwa asibiti, ya zauna da ciwo a gida har ya ci ƙarfinsa, lokacin da za a kawo shi kuwa maganin ya ninka tsada, ko kuma an makara.

Mai karatu yana iya cewa: idan aka sassauta haka, ai mayaudara za su fake da talauci, kuma wa zai cike wa asibiti giɓin? Tambaya ce mai ƙarfi. Amsar kashi na farko ita ce binciken da muka ambata, domin shi ne yake tona asirin mayaudari, kuma ba a hukunta mutum goma masu gaskiya don tsoron maƙaryaci ɗaya. Amsar kashi na biyu kuwa ita ce Shari'a ba ta ce likita ya ɗauki asarar shi kaɗai ba. Ta ɗauke nauyin daga wuyan matalauci ta ɗora a kan jama'a. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da ake ba zakka. Magabata kuma sun ƙara da waƙafi: asibitin da Sarki Nuruddin ya gina a Dimashƙa a ƙarni na 12, da wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, da dukiyar waƙafi aka riƙa tafiyar da su, marar lafiya ya shiga ya fita ba a tambaye shi kuɗi ba.

A Amurka ma jama'a suna ɗaukar wannan nauyi ta wata fuska, domin asibitocin da ba na neman riba ba an yafe musu haraji, abin da cibiyar KFF ta ƙiyasta ya kai dala biliyan 28 a shekarar 2020. Wanda aka yafe wa haraji da sunan taimakon marasa ƙarfi, matsayinsa kamar na mai kula da waƙafi ne. In ya juya ya kai waɗannan marasa ƙarfin kotu, ya ci ta gaba ya ci ta baya. Daɗin daɗawa, a 2014 waɗansu tsofaffin masu karɓar bashi su biyu suka kafa wata ƙungiya, wadda yanzu ake kira Undue Medical Debt, tana sayen bashin asibiti da kuɗin sadaka tana yafewa. Da dala 1 takan sayi bashin kimanin dala 100. Malaman fiƙihu suna da sharuɗɗa masu tsauri a kan sayar da bashi, kuma wannan zance ne na wani makon. Abin lura a nan shi ne, bashin da masu shi suka yarda su rabu da shi a kan kashi 1 cikin 100, don sun san ba zai biyu ba, shi ne ake hana talaka barci a kansa ana cewa sai ya biya cif.

Kada kuma a dogara ga doka ita kaɗai, domin doka tana zuwa tana komawa. A Amurka akwai kamfanoni masu ajiye tarihin bashin kowane mutum, wanda sunansa ya ɓaci a wurinsu yakan sha wuya wajen samun hayar gida ko rance. A Janairun 2025 hukumar tarayya mai kare jama'a a harkokin kuɗi ta fitar da ƙa'idar cire bashin asibiti daga waɗannan kundaye, amma a Yulin shekarar wata kotun tarayya a Teksas ta soke ta. Asibitocin Memfis da muka ambata kuwa, ba sabuwar doka ce ta sa suka yafe wa mutum fiye da 6,500 ba a 2019, kunya ce ta kama su bayan an fallasa. Ashe ikon yafewar yana hannunsu tun farko.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu a nan ba a cika datse albashi ba, amma muna da namu salon, wato tsare majinyaci a asibiti bayan an sallame shi, ko mai jego da jaririnta, ko riƙe gawa har sai dangi sun biya. Rahoton cibiyar Chatham House ta Ingila na 2017 a kan wannan ɗabi'a ya ambaci Nijeriya cikin ƙasashen da ake yinta. Wannan ɗauri ne ba da alƙali ba, kuma mun ga cewa ko alƙali ba shi da ikon ɗaure matalauci. Riƙe gawa kuwa ya haɗa da tauye haƙƙin mamaci na a gaggauta yi masa sutura. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ƙin karɓar mai lalurar gaggawa ko da wane dalili, amma mutum nawa ne suka san da ita?

Saboda haka muna kira ga masu asibitoci su sanar da farashi tun da wuri gwargwadon iko, su binciki halin mutum kafin su matsa masa, su karɓa kaɗan kaɗan ba tare da ƙarin ruwa ba, kuma kada su hana kowa magani ko su tsare shi saboda tsohon bashi. Muna kira ga hukumomin zakka na jihohinmu da mawadata su tuna cewa kason masu bashi yana nan kwance a gadajen asibiti, su je su neme shi, domin mai mutunci ba ya fitowa roƙo. Wanda kuma Allah Ya ba lafiya kuma Ya hore masa, ya ji tsoron Allah ya biya, don kuɗinsa ne za a yi wa na bayansa magani da su. Muslim ya ruwaito daga Abul Yasar cewa wanda ya saurara wa matalauci ko ya sauke masa, Allah zai sa shi a inuwarSa, kuma babu ɗayanmu da ya wadatu daga wannan inuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sa tausayi a zukatan waɗanda Ya ba iko a kan bayinSa. Amin.